Tanar Hoyt da Kwaɗon Lorene

Hoyt Stuckey bai taɓa sa giya a bakinsa ba, bai san caca ba, kuma tun da ya auri Ozella bai ɗaga ido ya dubi wata mace ba. Duk halin banzan da aka raba wa mazan garin Pinder, shi nasa kason a kifi aka ba shi. Ya gama aikinsa a masana'antar takarda, dikin ne, wato dattijo mai hidima, a cocin Baptis na bakin titi, yana da gida da ɗan lambun tumatir. Amma idan ka leƙa garejinsa, jirgin fatsa za ka tarar a ciki, ja mai ƙyalli, an lulluɓe shi kamar amarya. Motar Ozella kuwa a waje take kwana, ruwa da rana duk nata.

Kifi ɗaya yake nema a tafkin, kamar kowane namiji mai ji da kansa a wannan yanki na Alabama: bas, koren nan mai wawakeken baki da ke laɓewa a gindin kututture yana jiran abin da tsautsayi zai kawo masa. Tarwaɗa a wurin Hoyt kifin masu gyangyaɗi ne. Kuma hanya ɗaya tak ya yarda da ita ta kama bas, wato tanar roba mai launin shunayya. Ka zura ɗan dalma a zare, ka soke tanar ta ka, ka juyo da ƙugiyar ka binne tsininta a jikin robar don kada ta sarƙe a itace. Ka jefa, ka bari ta nutse har ƙasa, sannan ka riƙa janta a hankali kamar mai tsallakar da tsohuwa titi, har ka ji an ɗan ƙwanƙwasa zaren. Nan ne za ka fizga. Sauran tarkacen da Arlis ke ratayewa a shagonsa na kayan fatsa, su kifin katako mai leɓe da cokali mai walƙiya da kwaɗon roba, Hoyt cewa yake ba don kifi aka ƙera su ba, don masu kamun kifi aka ƙera su, kuma suna kama su sosai.

Wannan ra'ayi ba ɓoye shi yake yi ba. Duk wanda ya shiga jirginsa sai ya sha wa'azin tana tun daga mashigar da ake sauke jirgi ruwa har a dawo, kuma a tsakiyar tafki babu ƙofar da mutum zai sulale ta baya. Ɗaya bayan ɗaya abokansa suka zame jiki. Shi ko a jikinsa. Ya ce dama kifi ba ya son surutu.

Shi ya sa ranar da zuciyarsa ta buga, wata safiya a watan Maris, ba kowa a jirgin sai shi. Wani ma'aikacin kula da tafki ne ya hango jirgi yana juyawa shi kaɗai a cikin iska, ya matso ya tarar da Hoyt kwance a ƙasa, sandar fatsa rungume a ƙirji. A asibitin birni aka buɗe shi, aka yi wa jijiyoyin gyara, aka ɗinke. Da zai fita likita ya kafa masa doka: ba kitse, ba gishiri, kuma kada ya ƙara hawa ruwa shi kaɗai. Biyun farko Hoyt ya ji su kamar labarin wata ƙasa. Ta ukun ce ta zaunar da shi.

Ozella ko a kan gada ta leƙa ruwa sai jiri ya ɗebe ta, don haka ita ba a maganarta. Ta bi abokansa da waya. Wannan ya ce bayansa, wancan ya ce surukarsa ba lafiya, Arlis ya ce ba mai tsare masa shago. Hoyt ya yi wata biyu a gareji yana goge jirgin da babu ƙura a kansa, yana bin Ozella daga ɗaki zuwa ɗaki yana gyara mata yadda ake jera cokula. A ƙarshe ta ɗauki waya ta kira yayarta.

Lorene Tatum ta ba saba'in baya. Aikin jinya ta yi a gidan yarin gunduma har ta yi ritaya, ta binne maza biyu, ta kori ɗaya. Taba ba ta barin bakinta, coci kuwa sai jana'iza. Ita da Hoyt ba sa shan inuwa ɗaya tun ranar bikinsa, lokacin da ta ce wa wata a gaban jama'a da Ozella turken shinge ta aura da ya fi, don turke ko ba komai ba ya bayani. Da Ozella ta gaya masa wadda ta samo, Hoyt ya ce gara ya mutu. Ozella ta ce wannan ma likita ya hana. Ya kwana biyu yana fushi, a na uku ya fito da jirgin.

Ranar farko Lorene ta zo da laima, da matashin kujera, da jakar aikinta mai abin awon jini da almakashi. Tun ba su bar mashiga ba ta sa shi ya ɗaura rigar da ke hana nutsewa har wuya, ta auna shi, ta lalube akwatin sanyi kamar yadda ta saba lalube ɗakin fursuna. A ƙarƙashin ƙanƙara ta zaƙulo abin da ya ɓoye, ɗan burodin gidan mai, irin mai soyayyen naman alade a tsakiya wanda maiƙonsa ke huda takarda. Ta zauna a gabansa ta cinye, ta miƙa masa tuffa.

Suka isa wurin kututturansa. Hoyt ya tsaya a gaban jirgi, ƙafarsa a kan ƙaramin injin da ake tuƙawa da ƙafa, ya jefa tana. Ita kuma ta buɗe laima a baya ta fara ba shi labarin ciwon ƙafar maƙwabciyarta. Ya ce mata kifi na ji. Ta ce to ya ji, ba sirri ba ne. Rana ta ɗaga kafin ya ji ƙwanƙwasar da yake jira. Ya fizga, ya jawo wani madaidaici, ya kama shi ta leɓe ya ɗaga, idonsa har da ƙwalla, don rabonsa da wannan tun kafin a buɗe shi. Ya cire ƙugiyar, ya sunkuya ya mai da kifin ruwa.

"Dikin, me na gani haka?"

Ya ce ai haka ake yi, bas ba a kashe shi, mai da shi ake don ya ƙara girma.

"Wato ka tashe ni da asuba, ka ƙona mai, ka tsaya kamar gunki tun ɗazu, don ku gaisa ka sallame shi." Ta busa hayaƙi gefe. "Haka alƙalin gundumarmu yake yi. Mu karɓa, mu yi musu wanka, mu ba su magani, shi ya saki. Sati biyu sun dawo."

A fita ta uku Hoyt ya yanke shawarar cewa idan hannunta na da aiki, wataƙila bakinta ya huta. Da mugunta ya zaɓo mata sanda, irin wadda abin naɗin zarenta ke sama, wadda idan mutum ya jefa bai danne zaren da babban yatsa ba sai ya cukurkuɗe. Lorene ta ɗaga ta wurga da ƙarfinta duka. Tanar ta faɗi nan kusa da jirgi, zaren kuma ya tashi ya yi curi kamar sheƙar ɓera. Hoyt ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Rabonsa da jin daɗi haka ya manta. Ya ce mata a hankali ake warwarewa, wani lokaci yakan ɗauki awa guda. Da ya waiwayo, ta ciro almakashinta, ta datse sabon zaren da ya naɗa da hannunsa daren jiya, ta tattara shi ta cusa a aljihu. Ta ce ta gama, a ba ta wani.

Daga nan ya ba ta sanda mai sauƙi. Ya koya mata ɗaura tana, ta iya nan da nan, don hannun da ya saba ɗinke kan 'yan maye ba ya tsoron ƙugiya. Haƙurin jan tanar ne ba ta da shi. Ta ce wannan ba kamun kifi ba ne, zaman makoki ne. Wata safiya a watan Yuni, yana can gaba ya ƙura wa zarensa ido, ta jawo akwatin kayansa ta hau bincike. Can ƙasa, a bayan buhunan tana, ta ga wani kwaɗon roba kore, yana nan a ledarsa. Jikarsa ce ta ba shi da Kirsimeti, ya yi godiya, ya binne shi a nan.

Ya ce ta ajiye, abin wasa ne. Ta ɗaura shi. Iska ta ɗan turo su kusa da wani lungu da ganyen bado ya rufe ruwan ruf, wurin da tana ba ta da hanyar nutsewa. Lorene ta wurga kwaɗon ya faɗa kan ganye, ta fara jansa tsalle-tsalle, tana cewa ga Dikin nan zai je karɓar baiko, wato sadakar coci. Kwaɗon ya sauko daga wani ganye ya faɗa ɗan fili.

Ruwan ya fashe kamar an jefa bulo. Wani baki ya buɗe, ganye ya watse. Lorene ta zabura ta fizga, kwaɗon ya taso daga ruwan ya zo da gudu ya make hular Hoyt. Tabarta ta faɗi a cinyarta ba ta sani ba. Tun da ya san ta, ranar ce ya fara ganin bakinta a buɗe babu magana a ciki.

Can ta ce, "Mene ne wancan?"

"Bas ne, Yaya Lorene."

"Ina ya tafi?"

"Gida. Ya zo cin abinci kin fizge masa kwano." Ya ɗauko hularsa ya kakkaɓe. Niyyarsa ya yi shiru, amma Hoyt bai taɓa iya ganin ana abu ba daidai ba ya kame bakinsa. Ya ce mata idan kifi ya bugi kwaɗo, ido ne ke fara gani, hannu kuma wawa ne, sai ya bi ido. Dole mutum ya daure, ya bari kifin ya nutse da shi, sai ya ji nauyi a sanda. "Ki ambaci sunan mazanki uku a ranki, sannan ki fizga."

"Na ukun ba na ambatonsa."

"To biyun ma sun isa."

A sati na gaba ta kama na farko, ɗan ƙarami, kuma Hoyt da kunnensa ya ji ta tana cewa "Royce, Dewey" tsakanin haƙora kafin ta fizga. Ta riƙe kifin ta leɓe tana kallonsa. Ya jira ya ji ta ce a kawo garin masara da mai a soya shi. Sai ta sunkuya ta mai da shi ruwa, ta ce yaro ne, laifinsa na farko.

Abin da ya biyo baya Hoyt bai shirya masa ba. Lorene da ake jira ta zama Lorene mai jira. Gari bai waye ba za ka ji hon ɗinta a ƙofar gida. Laima ta daina zuwa. Ta je shagon Arlis ta sayi sanda mai tauri kamar muciya, da zaren saƙa mai kauri wanda ke yanka ganyen bado, da kwaɗi kala-kala, baƙi na ranar hadari, fari na ranar da gari ya yi haske. Tana rage musu ƙafafu da almakashi, wai sun fi rawa. Ta samu kujera a cikin mazan da ke zaman shagon, har tana gaya musu cewa tana abincin wanda ya yanke ƙauna ne. Arlis ya ce wa Hoyt shi bai taɓa zaton za a samu Hoyt biyu a gari ɗaya ba.

A cikin jirgi kuwa kullum faɗa. Shi yana son ruwa mai zurfi inda kututture yake, ita tana son lungun bado. Da yake injin ƙafa a gabansa yake, shi ke da iko, sai ya karkata jirgin yadda shi zai fuskanci wuri mai kyau ita ta fuskanci fili. Ta ce ta ga ɓarayi iri-iri, amma ba ta taɓa ganin mai sata da ƙafa ba. Ya ce jirgin nasa ne. Duk da haka, idan ya ji ruwa ya fashe a bayansa sai ya waiwaya, kuma idan ta yi saurin fizga sai ya ce, "Dewey fa? Kin tsallake Dewey." Da yamma ya koma gida ya cika wa Ozella kunne da laifin yayarta, ya ci abinci da yawa, ya yi barci kamar jariri. Ozella ta lura cewa ya daina taɓa mata cokula, ta gode wa Allah.

Abin da ba ta sani ba shi ne abin awon jini ya daɗe bai fito daga jaka ba. Kuma mai gadi ta gano farashin fursunanta. Wata safiya Lorene ta ajiye wata takarda mai maiƙo a kan kujerarsa. Ya duba, ya dube ta, ya juya kan jirgi zuwa lungun bado. Tun daga ranar ciniki ya faɗa: burodi ɗaya, rabin safiya.

A farkon Oktoba aka wayi gari da gajimare, ba iska, irin ranar da masu kwaɗo ke mafarki. Lorene ta zo da burodi biyu. Hoyt ya zazzaga musu ruwan barkono, ya kora da baƙin kofi, ya kai ta can ƙuryar lungun, inda wani tsohon icce ya faɗi a cikin bado. Ta wurga baƙin kwaɗo ya sauka daidai gindin iccen. Ta bar shi ya zauna. Ta ɗan motsa shi.

Wannan karon ruwan bai fashe ba. Wani rami ne kawai ya buɗe, kwaɗon ya ɓace a ciki. Ta jira, ta fizga, sandar da ke kamar muciya ta lanƙwashe. Kifin ya taso rabin jikinsa a waje yana girgiza kai, Hoyt ya ga baki wanda kan yaro zai shiga. Shekarunsa duka a tafkin nan bai taɓa ganin irinsa ba, ko a bangon shagon Arlis. Ya sunkuya da sauri zai ɗauko komar kwaso kifi, sai ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji, ya matse. Ya zauna. Gumi ya karyo masa.

Lorene na naɗa zare, kifin ya kutsa cikin bado yana jan ganye kamar mai jan tabarma. Ta gefen ido ta hango shi.

"Dikin, me ya zaunar da kai?"

"Ba komai. Ɗaga sandar sama, kada ki ba shi sarari."

"Ƙirjin ne?"

"Ki naɗa, Yaya Lorene. Don girman Allah ki naɗa."

Ba ta daina naɗawa ba, amma ta hau yi masa tambayoyi da muryar aikinta, ko yana ji a hannu, ko a muƙamuƙi, ko numfashi na fita. Yana amsawa da ƙarya, fuskarsa na ƙaryata shi. Kifin ya matso, saura kaɗan, har ana ganin bayansa a ƙarƙashin ganye, faɗinsa kamar allon wanki. Sai dai ya naɗe zaren a jikin reshe, kuma kowa a cikinsu ya san fito da shi zai ɗauki lokaci. Lorene ta dubi ruwan. Ta dubi Hoyt. Ta sake duban ruwan, kuma Hoyt ya rantse daga baya cewa kallo na biyun ya fi na farko tsawo. Sannan ta zura hannu a aljihu ta ciro almakashi.

"Idan kika yanke zaren nan ba zan yafe miki ba."

"Idan ka mutu a hannuna Ozella ce ba za ta yafe ba. Ita kuma uwarmu ɗaya."

Ta datse. Sandar ta miƙe, ganyen ya rufe.

Ta kwantar da shi, ta cusa masa ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe, ta kira motar asibiti ta ce su tarye su a mashiga. Sannan ta zauna a kujerar direba, wadda ba ta taɓa zama a kanta ba. Hoyt yana kwance yana kallon sama ya ji injin ya yi kuka. Yana so ya ce mata akwai kututture a bakin lungun, kafin ya haɗa kalmomin suka same shi. Jirgin ya yi tsalle, farfela ta fara wani sabon kuka, Lorene ta ƙara wuta. A mashiga ba ta san yadda ake tsayawa ba, don jirgi ba shi da birki, sai ta hau da shi kan siminti. Ya ji jan fentin nan yana kankaruwa a ƙarƙashinsa tun daga gaba har baya. Ma'aikatan da suka ɗauke shi sun ce yana hawaye, suka riƙa ba shi haƙuri cewa zai rayu.

A asibiti aka liƙa masa wayoyi, aka ɗebi jini, aka sake ɗiba. Ozella ta iso da takalmin ɗaki a ƙafarta, ta riƙe hannunsa tana addu'a. Lorene na tsaye a jikin bango, tana warin kifi da mai. Sai da la'asar wata likita ta shigo ta ce zuciyar lafiya lau take, ɗinkin ma ya yi kyau. Ta tambaya me ya ci da safe.

Hoyt ya dubi silin. Lorene ta dubi takalmanta. Ozella ta ce ai kunun hatsi ta dama masa da hannunta, ba gishiri. Likitar ta danna masa ciki a ƙasan haƙarƙari, ta ce ya tashi zaune. Yana tashi wata gyatsa ta kuɓuce masa, doguwa, mai kauri, wadda ta cika ɗakin da labarin duk abin da ya faru. Nan take ya ji ƙirjinsa ya saki.

Ozella mace ce mai sanyin magana, kuma ko a ranar ba ta ɗaga murya ba. Ta saki hannunsa ta ajiye masa a kan gado kamar kayan aro. Ta tambayi tun yaushe, ta tambayi wa ke saye. Da ta ji, ta ce ita dai ta ba kura ajiyar nama, laifinta ne. Lorene ba ta kare kanta ba. Hankalinta ma ba ya wurin. Sai da suka fito wajen ajiye motoci ta tsaya, ta kunna taba, ta dubi Hoyt tun daga sama har ƙasa.

"Gyatsa," ta ce. "Na yanke zaren nan saboda gyatsa."

Daga nan ba ta ƙara yi masa magana ba. Jirgi ya tafi wurin mai gyara. Labari kuwa ya zaga gari, kifin yana girma a kowane baki, har wasu a shagon Arlis suka ce ya ja jirgin da mutum biyu a ciki. Hoyt ya koma gareji, wanda yanzu babu komai a cikinsa sai tabon mai a ƙasa. Sau biyu yana ɗaga waya ya kira Lorene, sau biyu tana ajiyewa da ta ji muryarsa. Abin da ya fi damunsa, wanda bai iya gaya wa kowa ba, shi ne ya san da shi ne ke riƙe da sandar, ita ce a zaune tana dafe ƙirji, ba lallai ya tuna yana da almakashi ba.

Ozella ce ta yanke wa yayarta hukunci. Ta ce idan tana son a sake buɗe mata ƙofar gidan, sai ta zo coci ranar Lahadi ta zauna a layin gaba. Lorene ta zo da baƙar rigarta ta jana'iza, don ita kaɗai gare ta. Ashe labari ya kai kunnen Fasto Gentry, wani dogo mai taushin murya da bai daɗe da zuwa garin ba. Ya hau mumbari ya yi wa'azi a kan sakin abin duniya domin ɗan'uwa. Bai kama suna ba, amma ya ce akwai wata baiwar Allah a cikinsu wadda aka ɗora mata abin da ranta ya fi so a hannu ɗaya, ran ɗan'uwanta a ɗaya hannun, kuma ba ta yi ko shakka ba. Mata suna share ƙwalla. Hoyt ya saci kallon Lorene, ya ga muƙamuƙinta na motsi kamar mai tauna tsakuwa.

Da aka tashi, Fasto yana bakin ƙofa yana gaisawa da jama'a. Ya riƙe hannun Lorene da hannu biyu, ya yi mata godiya. Sannan ya rage murya ya ce shi ma yana da ɗan jirgi, ba wani abin kirki ba, yakan ɗan fita ranar Asabar don ya yi tunani. Zai so ya ga wurin da Ubangiji ya yi wannan aiki, don ya ƙarfafa bangaskiyarsa. A wane lungu ne daidai?

Lorene ba ta ko ƙifta ido ba. Ta ce a ƙarƙashin tsohuwar gadar jirgin ƙasa ne, can arewacin tafkin. Kowa a Pinder ya san wurin. Laka ce da tsofaffin ƙarafa da wayoyin shinge, ko kunkuru ba ya kwana a can. Fasto ya ɗan yi shakka, don shi ma ya ji ana maganar bado. Ya juya ga Hoyt, dikin da ya fi kowa daɗewa a cocin, mutumin da ke riƙe da makullin ɗakin baiko.

Hoyt ya gyara wuyan rigarsa. "Nan ne, Fasto. Ta ɓangaren hagu. Kifin katako mai leɓe ya fi ci a wurin, irin mai nutsewa har ƙasa."

Suka sauko daga matakala, Ozella na gaba tana gaisawa da mata. Suka kusa mota. Sai Lorene, ba tare da ta dube shi ba, ta tambaya yaushe mai gyara ya ce. Ya ce Alhamis. Ya ƙara da cewa ba za ta sake taɓa masa sitiyari ba har abada. Ta ce shi ma burodi sai dai ya gani a hannun wani.

Sun koma lungun har sanyi ya shigo, bado ya bushe ya nutse. Sun kama ƙanana da madaidaita, babban bai sake nuna kansa ba. Hoyt ya ce da tana aka jefa masa tun farko da yanzu hotonsa na bango. Lorene ta ce tana ko kallo ba za ta ishe shi ba.

Fasto Gentry kuwa ya yi Asabar da yawa a ƙarƙashin gadar. Arlis ya ce bai taɓa samun mai sayen kifin katako kamarsa ba, yau ya sayi uku, sati mai zuwa ya dawo wai duk sun maƙale. A watan Disamba Fasto ya hau mumbari ya yi wa'azi mai zafi a kan shaidar zur, bai dubi kowa ba musamman. Hoyt na tsaye a gefe da farantin baiko a hannu, kuma da aka kai ƙarshe, amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi.